Kwale-kwalen Shaddar Alhaji Kyari

Duk wanda ya taɓa zama a majalisarmu ta Fagge, gindin darbejiyar nan da ke kallon shagona na ɗinki, ko da na minti goma ne, to ya ji labarin Tafkin Chadi. Ba sai ya tambaya ba, Alhaji Kyari zai same shi da shi har inda yake zaune. Ka ce yau an yi zafi, ya ce ai ba ka ɗanɗana zafin tsakiyar tafki ba. Ka ce haƙorinka na ciwo, ya ce haka dorinar da kakansa ya kwaɗa wa filafili a baki ta yi fama. Shekarata goma sha tara a bencin nan, kuma ban taɓa jin labarin ya zo iri ɗaya sau biyu ba. Dorinar da muka fara sani guda ɗaya ta hayayyafa a bakinsa har ta zama garke.

Alhaji Kyari Babarbare ne, amma a Fagge aka haife shi, a Fagge ya yi gemu. Shadda yake sayarwa a kasuwar Kwari, kuma a nan kam ba a ja da shi. In mai saye ya tsaya yana wasi-wasi, sai Alhaji ya fasa ruwan leda, ya ɗiga a kan sabuwar shadda, ruwan ya dunƙule ya gangara ƙasa bai bar ko alama ba. Sai ya ɗaga kai ya ce, "Ka gani? Tawa ruwa ba ya kama ta." Ruwan da ya sani a duniya ke nan, sai na buta, sai na sama. Amma zan faɗi abu ɗaya don kada in ci amanarsa: mutumin nan yana cika baki kamar ba gobe, sai dai in ya ɗauki alkawari, ko zai mutu ba ya saɓawa.

Wata la'asar cikin watan Agusta, ruwa ya ɗauke ke nan, sai ga shi da kwalin bandir a hammata. Ya shimfiɗa a ƙasa, ashe taswira ya zana da biro.

"Na gaji," in ji shi. "Kullum in buɗe waya sai in ga Turawa sun shiga kwale-kwale da wandon roba suna yawon duniya, ana tafa musu. Mu da muka gada muna nan muna auna yadi. Ku duba nan. Wudil zan shiga ruwa. Ringim, Haɗeja, Nguru, Gashuwa, Gaidam, sai ga ni a tafkin kakannina. Kwana tara."

Malam Hambali mai sayar da tayoyi, wanda shi ne babbanmu a shekaru, kuma shi ke zama a kujera mai hannu guda ɗaya tilo da majalisar ta mallaka, ya leƙa kwalin ta saman tabarau.

"Wannan layin da ya karkace fa?"

"Kogi ne."

"Na zaci biro ne ya zame maka. Alhaji, ka taɓa shiga jirgin ruwa?"

"A jinina yake."

"Ban tambayi jininka ba, ƙafarka na tambaya."

Aka kwashe da dariya. Alhaji Kyari ya gyara zaman hularsa ya ce mai sayar da tsohuwar taya ba zai gane maganar ruwa ba. Hambali ya ce to a bar Chadi tukuna, ga kududdufin bayan gareji nan ya cika ya batse, taku ɗari ne daga wannan gaɓa zuwa waccan.

"Ka haye shi a jirginka a gaban jama'a. In ka haye, kujerar nan ta zama taka, kuma ba zan ƙara katse ka ba har in mutu. In ka kasa, ba Chadi, ba dorina, ba kaka. Bakinka da labarin nan har abada."

Mu da muka san shi mun san abin da aka ɗora a faifai. Raba Alhaji Kyari da labarin nan daidai yake da rufe masa shago, don da shi yake shiga mutane, da shi yake fita. Na yi masa ido ya bari, bai ko kalle ni ba.

"Na ɗauka," ya ce. "Ranar Lahadi ta sama. Ku shaida."

Muka shaida. Ni ma na ɗaga hannu, Allah ya yafe mini.

Washegari ya fara abin da ya kira horo. Wani direba ya gaya masa cewa wajen Nguru ciyawa kan toshe kogi, dole matafiyi ya sauka ya ɗauki jirginsa a ka. Saboda haka ya zo shagona ya cika buhu da ƙyallaye, ya tuɓe babbar riga, ya sa tsohuwar singileti da wando iya gwiwa, ya ɗora buhun a ka, ya ce zai taka daga Fagge zuwa Kasuwar Singa ya dawo sau biyar. A zuwan farko wata Hajiya da ta sayi kaya ta hango shi a bakin kasuwa, ta yafito shi.

"Kai mai dako, zo ka ƙara da waɗannan."

"Hajiya, ni ba..."

"Ko sun fi ƙarfinka ne? Bari in kira mai jini a jika."

Kalmar da ba a faɗa wa Alhaji Kyari ke nan. Ya ce a ɗora. Aka ɗora masa katan biyu na taliya a kan buhun, ya bi ta cikin cunkoso da taɓo har inda ta ajiye mota, can wajen Titin Ibrahim Taiwo. Da aka sauke, ta dube shi yana haki, ta miƙa masa ruwan leda, ta ce, "Baba, 'ya'yanka ba sa tausayinka ne?" A adaidaita sahu ya dawo, buhun ma can ya manta shi. Kwana uku wuyansa a sanƙare, in za ka gaishe shi sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya. Ya ce mana haka matuƙan Chadi ke waiwaye don kada jirgi ya karkata.

Horo na biyu a gida aka yi shi, kuma matarsa Hajiya Huseina ce ta ba matata labari, matata ta ba ni. Wai ya ce dole ya koyi nutso, ko da wani abu zai faɗa masa a ruwa. Ya tsaya kan turmi a gaban duron da ta cika da ruwan sama, ya ce ta ƙirga. Ya tsoma kai, ta kai bakwai, ya ɗago yana tari ya ce ƙirgarta ba ta da sauri. A karo na biyu ya ƙara zurfafawa, turmin ya mirgine, ya tafi tsundum, ƙafafu a sama suna harbin iska. Da ƙyar ita da 'yarsu suka kifar da duron suka zazzago shi. Abin da ya fara cewa da ya samu numfashi shi ne, "Nawa kika kai?" Ta ce ta kai inda ruwan wankinta na sati ya ƙare.

Saura jirgi. A nan ne ya ja ni muka tafi Sabon Gari wurin Ikechukwu mai walda, tsohon abokinsa, wanda ya ƙera masa ƙofar shago tun shekarun baya. Ikechukwu haifaffen Sabon Gari ne, Hausarsa ta fi ta wasunmu, amma iyayensa mutanen bakin ruwa ne a kudu, kuma yana yaro in an je hutu a kwale-kwale ake kai shi gidan kakarsa. A duk cikinmu shi kaɗai ya san abin da ake magana a kai, shi ya sa ba a saurare shi ba.

"Ba matsala, Alhaji," ya ce. "In yi maka firam da rodi, in rufe da kwano, in bi duk gaɓoɓin da kwalta. Zai ɗauke ka har da kayanka."

"Kwalta?" Alhaji ya ja da baya. "Ni? In isa garin kakannina ina warin sabon titi? Kwano kuma sai ka ce kejin kaji. Kai dai yi ƙarfen, rufi nawa ne."

"Da me za ka rufe?"

Alhaji ya zaro ƙyallen shadda daga aljihu, ya fasa ruwan leda, ya ɗiga. Ruwan ya dunƙule ya gangara. Ya ɗaga kai kamar yadda yake yi a shago.

Ikechukwu ya cire tabaran walda ya goge ido. "Alhaji, ɗigo daban, kududdufi daban."

"Mene ne kududdufi? Ba ɗigo-ɗigo ne suka taru ba? To in kowane ɗigo ya zo ya gangara, wanne ne zai shiga?"

Ikechukwu ya buɗe baki, ya rufe. Ya dube ni, na dubi ƙasa.

"Kai ka san ƙarfe," in ji Alhaji, yana dafa kafaɗarsa. "Ni na san yadi. Shekara talatin ina zuba wa shadda ruwa, ba ta taɓa ba ni kunya ba."

"Sau nawa ka bar ta a ciki ta kwana?"

"Wa ya ce zan kwana? Taku ɗari ne."

Haka aka yi. Ya yanko farar shadda yadi ashirin, ya kai marina aka rina ta shuɗi mai duhu, don a cewarsa ruwa ba ya faɗa da abin da ya yi kama da shi. Aka ba ta sitaci sau uku, aka kai mabuga aka buge ta har tana ɗaukar ido, in ka lanƙwasa ta sai ta yi ƙara kamar kwali. Ni na ɗinka ta ninki biyu a jikin firam ɗin, a shagon Ikechukwu, kwana biyu ina fama. Na ce masa allura fa tana barin rami, ya ce in matse ɗinkin. Da na gama ya ce gaban jirgin ya yi fayau da yawa, sai da na yi masa surfani irin na wuyan babbar riga. Gaskiya ya yi kyau. Ban taɓa ganin jirgi mai kyansa ba, ko da yake ban taɓa ganin wani jirgin ba. Filafili kuwa, Ifeoma matar Ikechukwu, mai gidan abinci, ita ta ara masa babbar muciyarta mai faɗin baki, da sharaɗin a dawo mata da ita kafin girkin Litinin.

Ranar Lahadi bayan azahar muka je ɗauko shi. Masu adaidaita uku suka duba tsawonsa suka girgiza kai, don haka mu huɗu 'yan majalisa muka saɓa shi a kafaɗa, a kife. Alhaji Kyari ya shige gaba. Ya ce ba zai shiga ruwa kamar marar gata ba, saboda haka riguna uku ya jera, ya kafa doguwar hula, ya sha turare, ya ɗaura jarkoki biyu a ƙugu, ya rataya tabaran waldan Ikechukwu a goshi saboda nutso, ga muciya a kafaɗa.

To ka dai san garinmu. Abu mai tsawon mutum, an lulluɓe shi da yadi, maza huɗu sun saɓa a kafaɗa suna tafiya ba magana. Ba mu yi nisa da fitowa daga Sabon Gari ba sai na ga masu shaguna suna miƙewa. Wani mai mota ya tsaya ya kashe rediyo. Wani dattijo ya ajiye rakensa ya biyo mu yana salati. Kafin in ankara wani bawan Allah ya zo ya sa kafaɗarsa a inda tawa take ya ce, "Kawo in samu ladan, Malam." Na san ya kamata in yi bayani. Amma rodin Ikechukwu nauyi gare shi, kafaɗata ta riga ta mutu, sai na ce, "Allah ya ba da lada," na koma baya. Sauran ukun ma da suka ga haka suka bi sahuna.

Kafin mu shigo Fagge mun fi mutum ɗari biyu, ana ta karɓa-karɓa. Na ji wani a bayana yana cewa, "Babban mutum ne, dubi shaddar da aka rufa masa." Wani ya ce, "Har da surfani." Alhaji Kyari ya waiwayo da jikinsa gaba ɗaya, ya ga taron, idonsa ya kawo ƙwalla.

"Ka gani?" ya raɗa mini. "Kano ta san darajar matuƙi."

Rigima ba ta tashi ba sai a mararraba, inda masu ɗauka suka miƙe hanyar maƙabarta, Alhaji kuma ya ɗaga muciya yana nuna bayan gareji. Aka yi ta ja, gaba na son dama, baya na son hagu. Dattijon nan mai rake ya fusata ya ce, "Wai wa za a binne a kududdufi?" Dole aka sauke, aka birkice shi, jama'a suka leƙa suka ga ba kowa sai benci ɗan ƙarami da na ɗaure a tsakiya. Sannan wani ya fashe da dariya, wani ya fara zagi, dattijon ya ce tun da an ɗauke shi daga kan rakensa, ba inda za shi sai ya ga ƙarshen wannan abu. Ba wanda ya koma. Wayoyi kawai aka zaro.

A bakin kududdufi mun tarar Malam Hambali ya sa an kai kujera mai hannu can ɗaya gaɓar, ya hakimce a kai. Ikechukwu da Ifeoma sun taho kai tsaye daga coci, shi cikin farar riga da farin wando tas. Hajiya Huseina ta zo a adaidaita tare da Gwaggo Zara, ƙanwar mahaifin Alhaji, tsohuwa mai shekara tamanin da wani abu, kunnenta ya yi nauyi, don haka duk maganarta da ƙarfi take yi. Alhaji ne ya matsa a kawo ta ta sa albarka, tunda ita kaɗai ta rage da ta san kakan nan ido da ido. Sunan mahaifinta ya ci, shi ya sa take kiransa Baba Ƙarami.

"Alhaji," in ji Huseina ta tagar adaidaita, "na bar maka ruwan zafi a kan wuta."

"Na me?"

"Za ka gani."

Aka tura jirgi a ruwa, aka riƙe masa ya shiga ya zauna, aka saki. Jama'a, jirgin nan ya tsaya a kan ruwa cak. Ruwa na taɓa shaddar yana gangarewa kamar yadda yake yi a shago. Wuri ya kaure da sowa. Na hango Hambali can ya gyara zama, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ikechukwu ya riƙe haɓa. Ni kaina sai da na ji wani alfahari ya taso mini, don ai ɗinkina ne.

Da Alhaji ya miƙe kai tsaye a wannan lokacin, na rantse da ya haye. Amma sai ya tsaya ɗaga wa jama'a hannu, gabas da yamma, har da gyara hula saboda masu ɗaukar hoto. Da ya fara tuƙi kuma, ta hannun dama kawai yake zuba muciya. Jirgi ya yi gaba kaɗan, ya karkata, ya zagayo, sai ga Alhaji yana fuskantarmu.

"Canja hannu, Alhaji!" Ikechukwu ya ƙwala. "Dama, hagu! Dama, hagu!"

"Salon Chadi ne!" ya amsa. "Sai an gaida ruwa tukuna!"

Ya sake gaida ruwa. Ya kuma gaida shi karo na uku. A zagaye na huɗu wani maƙwabci ya sunkuya wajen adaidaita ya ɗaga murya ya ce, "Gwaggo, yau ga jikan matuƙi ya gaji kakansa!"

"Wane matuƙi?" in ji Gwaggo Zara, da muryar da ta isa har ɗaya gaɓar.

"Mahaifinku mana, mai dorina!"

Tsohuwa ta yi dariya har da tafa cinya. "Babanmu? Babanmu ko rijiya ba ya leƙawa! Bandar kifi yake sarowa, kuma daga kan tudu yake tsayawa a kawo masa. Ranar da ruwa ya zo bakin ƙofarmu, a ranar ya ɗaure kaya muka taho Kano, ya kama sayar da yadi. Ni dai na zo ne in ga abin da ya kai Baba Ƙarami cikin ruwa, don a gidanmu ba a taɓa yi ba."

Dariyar da aka yi sai da tantabaru suka tashi daga rufin gareji. Alhaji ya ji, don na ga muciyar ta tsaya a sama. Amma ba shi da lokacin amsawa, saboda a daidai nan wani mai wanki da guga da ke kusa da ni ya shaƙi iska ya ce, "Ina jin ƙanshin sitaci."

Na duba. Ruwan da ke kewaye da jirgin ya yi fari-fari kamar an dama koko, daga baya ya fara komawa shuɗi. Shaddar da ɗazu take ƙyalli ta yi laushi, ta saki jiki, ta fara lotsawa tsakanin rodi da rodi. Ɗinkina da na matse ya fara fitar da ruwa ta kowane ramin allura. Bencin ya nutse, Alhaji ya bi shi, gwiwoyinsa suka taso daidai kunnuwansa.

"Ba komai!" ya ce. "Jirgi ne yake zama!"

Ya cire hula ya fara kwalfar ruwa da ita. Ya kwalfa sau uku, ƙasan jirgin ya yage ɓarar, rodin Ikechukwu ya yi abin da ƙarfe ke yi a ruwa. Jarkokin ƙugu kuwa, ashe bai ɗaure murafensu da kyau ba, suka yi ta gulul-gulul suna sha. Riguna uku suka jiƙe suka naɗe shi. Cikin ruɗewa ya tuna da horon nutso, ya jawo tabaran walda ya rufe ido, duniya ta yi masa baƙi ƙirin da rana tsaka.

"Na kai ƙasa! Duhu! Jama'a, na kai ƙasa!"

Kansa fa a waje yake, muna kallonsa. Sai wata tsohuwar taya da ke yawo a ruwan ta zo ta dungure shi a ƙeya.

"Dorina! Wayyo Allah, dorina!"

"Tawa ce!" Hambali ya ƙwala daga can. "Lamba goma sha huɗu, ba ta cizo!"

Ikechukwu bai tsaya dariya ba, ya san taɓon kududdufi ba abin wasa ba ne ga mai riga uku. Ya tuɓe takalmi ya faɗa da fararen kayansa, Ifeoma na bayansa tana ihu, "Kayan cocinka! Ikechukwu, kayan cocinka! Ka ɗauko mini muciyata!" Ruwan iya ƙirjinsa ya tsaya. Ya kamo Alhaji, ya fizge tabaran, ya juya masa baya. Alhaji ya ɗafe shi, hannu a wuya, ƙafa a ƙugu, aka fito da shi a goye. Inda suka fito taku goma sha biyar ne daga inda aka tura jirgin, na auna da ƙafata daga baya. Su biyun sun rine shuɗi tun daga wuya har ƙasa, Alhaji har da gemu.

Hambali ya zagayo, an biyo shi da kujerarsa. Ya tsaya a gaban Alhaji, wanda ke zaune a ƙasa sharkaf yana rawar ɗari, sitaci na ɗiga daga hannun rigarsa.

"Alhaji, alkawari."

Na zaci zai kawo hujja, ya ce iska ce, ko marini ne ya cuce shi, ko ɗinkina ne. Bai ce ko ɗaya ba. Ya dubi adaidaitar da Gwaggo ke ciki, ya dubi ƙasa, ya ce a hankali, "Na ɗauka, kuma na riƙe." Huseina ta fito ta yafa masa mayafinta, ta ce ruwan zafin nan dai yana jira. A nan dariyata ta tsaya, tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Sati guda majalisa ta zama kamar gidan makoki. Alhaji yana zuwa, ya yi sallama, ya zauna a ƙarshen benci, shuɗin bai gama fita daga wuyansa da faratansa ba. A ce hadari ya haɗo, sai ka ga ya buɗe baki, ya tuna, ya rufe. Muka gwada hirar siyasa, ta mutu. Muka gwada ta ƙwallo, ta mutu. Ashe shekara goma sha tara ba labarin muke saurare ba, katse shi muke jin daɗi, yanzu kuma ba abin katsewa. Hambali da ya ci nasara ya fi kowa shiga uku, sai mutsu-mutsu yake a kujerarsa. Rana ta biyar har ya kasa daurewa ya ce, "Alhaji, wai dorina tana cin kifi kuwa?" Alhaji ya ce, "Ban sani ba." Wallahi sai da na ji kamar in yi kuka.

Rana ta takwas Ikechukwu ya biyo ya karɓi tabaransa, ya zauna shan shayi. Sai ga wani baƙo daga Jos da ya kawo mini ɗinki, ya zauna jira. Ya dubi hannun Alhaji, ya dubi na Ikechukwu, ya ce, "Ikon Allah. Ku kuwa me ya rina ku haka?"

Alhaji ya ɗaga ido ya dubi Hambali. Hambali ya dubi reshen darbejiya, ya yi tari, ya ce, "Ai wannan ba Chadi ba ne. Ba ya cikin alkawari."

Alhaji Kyari ya gyara zaman hula. Ya matso tsakiyar benci, ya tattara hannun riga, na ga fuskarsa ta dawo irin ta da.

"Malam, ka taɓa jin Tekun Fagge? To zauna da kyau. Ranar da na shige shi, mutum dubu biyar suka rako ni, suna kuka, don sun san ba kowa ke dawowa ba. Na yi zagaye huɗu ina neman inda igiyar ruwa ta fi sauƙi, kadoji uku suna bina. Sai wannan bawan Allah," ya nuna Ikechukwu, "ya faɗo ruwa da kayan coci, bai san hatsarin wurin ba. Na ce ba za a yi haka a gabana ba. Na bar jirgina ya nutse, na yi tsalle na hau bayansa, na danne shi da dukkan nauyina don kada ruwa ya tafi da shi, ban sake shi ba sai da na ga ƙafarsa a tudu."

Baƙo ya riƙe baki ya juya ga Ikechukwu. "Haka aka yi?"

Ikechukwu ya kurɓi shayi, ya ajiye kofi. "Nauyin kam, na ji shi," ya ce.

"Ƙarya ne!" Hambali ya daka tsawa, fuskarsa cike da murna. "Wane kada? Tayata ce!"

"Ka ji shi ko," in ji Alhaji, "yana can kan tudu a kujera, ya fi wanda ke cikin ruwa sani."

Haka muka koma gidan jiya, sai dai yanzu abin ya fi muni. Da can in ya yi na Chadi, muna iya cewa ba ma nan aka yi. Wannan kuwa da sunayenmu yake kafa shaida, ɗaya bayan ɗaya. Jiya kadojin sun kai bakwai, kuma wai ni ne na tsaya a bakin gaɓa na ƙirga su.